Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Karo na bakwai ke nan tana zuwa shagon fenti saboda babur ɗin babanta. Mai fentin, wanda shi ke neman aurenta, ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Ranki ya daɗe, fentin bai bushe ba. Ki dawo jibi."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce kusurwa ta yaye tampol. Ga babur nan ja jawur. Ta danna yatsa a kan tankin, ta ɗago: babu fenti, sai ƙura.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Sati huɗu."

"Sati huɗu Baba yana taka ƙafa zuwa kasuwa da ciwon gwiwa!"

"In na sallami babur ɗin, me zai sake kawo ki nan?"

"Ka san abin da ya faɗa wa kawunnanka jiya? Ya ce wanda ya kasa gama babur ba zai iya riƙe gida ba. Ni kuwa sakarya na tsaya kare ka, har da rantsuwa wai damina ce ta hana fenti bushewa. Ka sa na rantse wa ubana a kan ƙarya."

Ta tara masa hannu.

"Makulli," ta ce.

Ya miƙa, amma ya kasa saki. Ta fizge, ta kama kan babur ɗin, ta tura shi waje da kanta.

"To, yaushe zan gan ki?"

Ba ta waiwayo ba. "Ka dawo jibi."