Malamar Ranar Laraba

Kaka ta ƙi zama a kan tabarmar karatu. Wata uku ke nan ofishin jin daɗin jama'a yana turo malama gidan duk Laraba, tana koya wa 'Yar Lele, jikar Kaka da aka haifa kurma, maganar hannu, tana koya wa mutanen gida su ma. Uwar ta iya. Uban ma ya iya, da yatsunsa na makaniki masu baƙin mai. Kaka kuwa ta ce hannunta na girki ne, ba na rawa ba.

Amma malamar ta shiga ranta. In ana mata magana, sai ta zuba wa fuskar mutum ido kamar mai hadda. Har roƙon Kaka take ta sauke mayafi daga baki, Kaka ta ɗauka haƙoranta ake sha'awa, su da saura tara. Injin niƙan maƙwabta yana girgiza bango, ita ko gezau. Harshenta na da ɗan nauyi, Kaka ta yanke hukunci cewa baƙuwa ce daga nesa.

Ta ma gwada haƙurinta. Da malama ta juya baya tana rubutu, sai Kaka ta soma: takalminta ya ci ƙasa, ɗaurin ɗankwalinta kamar na mai gudun gobara. Ba ta taɓa waiwayowa ba.

"'Yar gidan mutunci ce," in ji Kaka. Uwar yarinyar ta danne dariya ta shige ɗaki.

Rigima ta tashi ranar da malama ta kawo takardar shiga makaranta. Ofis zai ba da motar kai yara da mai fassara a aji. Iyayen sun yarda, amma a gidan nan ba a ɗaga tsinke sai Kaka ta ce to.

"Ba inda ƙawata za ta," ta ce. "Yara su yi mata dariya, mota ta yi mata oda ba ta ji ba. Me kurma za ta yi da boko? Ta zauna nan in koya mata saƙa."

'Yar Lele tana rungume da sabuwar jakar da ubanta ya sayo, ta kalli wannan, ta kalli wancan.

Malama ta jawo kujera gaban Kaka, gwiwa da gwiwa.

"Kaka, me kike so ta zama?"

Kaka ta goge ido da gefen mayafi.

"Da tana ji, da na so ta zama kamarki. Ga ilimi, ga aiki, ga haƙuri. Wata uku ina tsokanarki ta baya, ko uffan ba ki ce ba."

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe tsokanata kike yi? Daga yau ki riƙa yi ta gaba, Kaka, in karanta a leɓenki. Rabona da jin sauti tun ina 'yar shekara bakwai."