Fanel na Huɗu

Fanel na uku ya mutu ranar Talata, a gaban mai shi.

Madina ce ta gyara shi, kamar biyun farko. Allon nan ne na cikin kwamfuta, wanda in ya tsaya komai ya tsaya. A shagon Oga Anayo da ke Terminus, cikin Jos, ya yi aiki lafiya lau. Ta sa shi a ledarsa mai ruwan toka, ya kwana a jakarta a gidansu da ke Kabong, da safe ta kai. Aka ɗaura, shiru. Ba ƙuna, ba ƙauri, ba tsaga.

"Saura ɗaya, Madina," in ji Oga. "In shi ma ya mutu, ki ajiye min makullin. Kuma ba mai ɗaukar ki a layin nan."

Tabawa, uwarta, abinci ya daina shigar ta. Shekara biyu yarinyar nan tana koyon aikin, ita kaɗai mace cikin maza. Ai dole a sa mata ido. Jifa ne, ba wani abu ba. Ta ƙara sadaka, ta ƙara addu'a.

Gyang, dattijon masu gyara a shagon, ya zaunar da Madina. Ya ce akwai wutar da jiki ke tarawa in tufafi na gogar fata, musamman ulu a sanyin Jos.

"Tas-tas ɗin nan da kike ji in kin cire suwaita. Ke ba ta yi miki komai. Fanel kuwa, taɓawa ɗaya ta isa."

"Baba Gyang, kullum igiyar sauke wutar tana ɗaure a wuyan hannuna."

"To, wani na taɓa su."

Ta bi abokan aikinta da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai kan teburinsa.

Na huɗu ba ta bari kowa ya matso kusa ba. Ta gyara, ta gwada sau uku, ta rufe leda, ta rungume jakar har gida. Maganar Gyang kuwa ba ta kai wa uwar ba, kada jininta ya hau.

Da safe Madina ta shiga wanka.

Tabawa ta buɗe jakar a hankali, ta zaro fanel ɗin daga leda. Ta murza tafukanta a jikin suwaitarta ta ulu har suka yi ɗumi, ta tofa addu'a, ta shafe shi gaba da baya kamar yadda ta yi wa ukun farko, sai dai yau sau bakwai.