Gumin Bangon Laburare

Ranar Litinin mai zanen da aka ba aikin ƙawata bango ɗaya a garin ta manna leda a jikin bango uku: na tashar mota, na bayan gidan ruwa, da na laburaren jami'a mai kallon babban titi. Kowace leda ta zagaye ta da salatif. Ta ce wa kwamitin zaɓen wuri a ba ta kwana uku. Bangon da ya yi gumi a ƙarƙashin ledarsa yana da danshi, fenti ba zai zauna masa ba, sai a haƙura da shi.

Kowa ya san inda zuciyar shugaban kwamitin take. Farfesa ne, tagar ofishinsa kuma bangon laburare take kallo. Har ya fara cewa ranar buɗe zanen ba ya son ganin tarkace a gindin bangon.

Tarkacen kuwa mutum ɗaya ne, tsohon mai gyaran takalma da ɗalibai ke kira Injiniya. Shekara ashirin da biyu yana inuwar nan da bencinsa da akwatin ƙusoshi. In zane ya zo, shi zai tashi, kuma duk garin babu inda yagaggun takalma ke wucewa kamar nan. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Sai dai Injiniya ya san zancen ledar nan ciki da waje, don ya sha jin bayaninta har ya gundure shi. Talata da sassafe, kafin masu shara su fito, ya ɗaga gefen ledar, ya tsoma yatsu a buta, ya yayyafa. Laraba ya ƙara. Ranar Alhamis ya ce in za ka sha giya sha ta dubu, ya tuttula rabin buta.

Nan aka samu matsala. Salatif ya jiƙe, ya ƙi kamawa, leda ta rataye da kunne ɗaya. Ga motar kwamiti ta shawo kwana. Injiniya ya yi abin da hannunsa ya saba: ya lakato gam ɗin takalmi, ya shafa, ya hura, ya danna, har ya bi gefe-gefe da 'yar gudumarsa.

Mai zanen ce ta fara fitowa. Matashiya ce, wannan ne babban aikinta na farko, kuma an san ta da ba sani ba sabo. Ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa, kansa a ƙasa, yana ɗinke takalmin da babu abin da ya same shi.

Ta ja ledar, leda ta ce ba inda za ta. Ta sa hannu biyu ta fizga, sai ta taho da ɓallin siminti. Ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Injiniya ya soke yatsansa da allura, bai ma ji ba.

"Yaya, malama?" in ji Farfesa. "Bango ƙalau, ko?"

"Ranka ya daɗe, ai ka gani da idonka. Har siminti yake zubarwa. In aka sa masa fenti, ko damina ɗaya ba zai gani ba."

Farfesa ya yi tsaki, ya duba agogo, ya ce a rubuta tashar mota.

Injiniya ya tashi aiki da wuri, ya nufi gida yana murmushi shi kaɗai, wai yau ya yi wa masu digiri wayo. Yana shiga tsakar gida ya tarar da ledar a kan tabarmarsa, ɓallin simintin na manne da ita.

Mai zanen ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu.

"Baba, don Allah gaba in za ka yi wa aikina maguɗi, ka tambaye ni salatif. A cikin warin gam ɗin nan fa ka raine ni."