Randa Mai Gumi

Wata Laraba, saura mako biyu a yi hutun ƙarshen shekara, hedimastan wata firamare ya aika a kira wata tsohuwa mai ginin tukwane. Maganar jikarta ce, yarinya 'yar shekara goma da take riƙo, wadda ta maimaita aji uku. Ya ce yarinyar ba ta zama wuri ɗaya, tana ƙwanƙwasa benci, tana tsoma baki tun ba a gama tambaya ba. In an ba ta littafi kuwa, sai ta yi ta tuntuɓe a layi ɗaya har aji ya fashe da dariya. Ya ce kanta tukunya ce mai yoyo, abin da aka zuba da safe ba ya kai azahar. Idan an dawo hutu kada a dawo da ita. A koya mata yumɓu, benci na da masu jira.

Tsohuwa ba ta musa ba, don ta san jikarta. A aike ta sayen gishiri, ta dawo da labarin yadda tururuwa ke ƙetare kwata, ba gishirin. Kaskon da ta fasa a gidan ba ya lissafuwa. Amma ita ce kuma ta kalli ramin gasa tukwane sau ɗaya ta ce tukwanen gefen gabas za su tsage, don ta nan iska ke shiga, kuma su ɗin suka tsage. Shekara arba'in tsohuwar nan ba ta taɓa yanke wa tukunya hukunci ba sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta ji muryarta. Ba ta ga alamar wani ya ƙwanƙwasa wannan ba.

Washegari ta ɗauki kayanta kamar mai zuwa kasuwa, ta sauke a gindin darbejiyar bakin makaranta, ta zauna. Ko hantsi bai yi ba aka koro yarinyar waje, kamar yadda ake yi kullum. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi inuwa ba. Sai ta zagaya bayan ginin, ta tsaya ƙarƙashin tagar aji shida, inda hedimasta da kansa yake koyar da lissafi. Tana tsalle da ƙafa ɗaya, tana jan ƙasa da tsinke, leɓenta yana motsi tun kafin 'yan ciki su ɗaga hannu. Tsohuwa ta matso ta duba. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san aikin hannun da ya san inda ya dosa: da'irori ne aka zana, aka tsaga kowace gida-gida, ba wadda ta karkace. Da aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka ɓarko a guje, sai ta ɗauki kwatarniya ta kife a kan zanen, ta zauna a kanta, ta ce ba mai taka wurin nan, kuma ba ta tashi sai hedimasta ya fito.

Ya fito yana cewa, "Iya, ai jiya mun gama magana." Ta ce, "Kai ka gama, Malam. Ɗaga ka gani." Ta tashi, ya ɗaga kwatarniyar. Amsar tambayar da ajinsa ya kwana biyu a kanta ce, an warware ta da hanyar da ba shi ya koyar ba. Ya ɗauka satar amsa ce, ya jefa wa yarinyar wata tambaya da baki. Ta amsa tana kewaya kwatarniyar. Ya ƙara mai wuya, ta amsa, har ta nuna masa inda ya yi kuskure a allo shekaranjiya. Sai ya miƙa mata littafin karatu, ta kama layin farko, ta yi tuntuɓenta kamar kullum, idonta ya ciko.

Ya ce, "Kin gani, Iya? Yoyon na nan."

Ta ce, "Ban ce ba ya nan ba. Randar da ke ofishinka ni na gina ta. Kullum gindinta a jiƙe yake, ka taɓa jefar da ita? Gumin nan shi ke sanyaya maka ruwa. Kasko ake sa mata a ƙasa, a nema mata inuwa." Ta ce jikarta ba ta zuwa ko'ina. In ba a ba ta benci ba, ta ji, dama yarinyar ba ta son zama: a bar ta ta tsaya a bayan aji da curin yumɓu a hannu, a riƙa karanta mata tambaya da baki, a samo malama mai haƙuri ta bi da ita baƙaƙen nan ɗaya-ɗaya. In kuwa an ƙi, to gindin darbejiya ya zama kasuwarta, duk wanda ya zo daga ofishin ilimi zai tarar da ita da kwatarniyarta.

Hedimasta ya sake duban zanen da ke ƙasa. Ya zaro takardar waɗanda za a sallama, ya ja layi a kan sunan yarinyar. Sannan ya tambaye ta tun yaushe take tsayawa a tagarsa. Ta ce tun tana aji biyu. Tsohuwa ta naɗa gammo, ta sa hedimastan da kansa ya taya ta ɗora kaya, ta daidaita wuyanta ta ce, "Da ma Hausawa sun faɗa, Malam: rashin sani, kaza ta kwana kan dami."