Ramin da Baba Rwegasira Ke Tsaro

Sanda ɗaya Baba Rwegasira yake da ita, kuma ba don dogarawa ya sassaƙe ta ba. Kullum da safe sai ya zura ta cikin ramin da ya kewaye ɗakin haihuwa, ya gitta ta tsakanin bango da gaɓa. In ta shige daidai, ya yi gaba. In ta cije, to ranar kowa sai ya ji a jikinsa.

Kemilembe, shugabar ungozomomi, ta gaji da shi. Babu wanda ya ɗauke shi aiki, amma shekara shida bai taɓa fashi ba. Ɓawon ayaba, kwalba, dutsen murhun da masu jinya suka tura ciki, duk sai ya tsamo su da hannunsa na dama mai yatsa huɗu, yana mita.

Ginin dai ba a kan ƙasa yake zaune ba. An ɗora shi bisa manyan faya-fayan roba, an tokare shi da bututun ƙarfe cike da mai, don in ƙasa ta girgiza ya yi lilo a hankali maimakon ya tsage. Ramin nan shi ne filin lilonsa. Kemilembe ta san haka a baki, amma abin da idonta ke gani kullum shi ne ruwan sauro da ɓeraye.

Abu ɗaya ya sa take ɗaga wa tsohon ƙafa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ɗakin kwanan 'yan mata na makarantar bayan tudu, mai irin wannan ginin, ya rufta a girgizar ƙasa. Masu bincike suka tarar wani ya cike raminsa da siminti, ginin ya rasa inda zai matsa. Shugabar makarantar ta mutu a ciki, ba a kuma taɓa sanin maginin da ya yi cikon ba. Gawarwakin yara goma sha tara aka tono, har da Atugonza, 'yar da Baba Rwegasira ya mallaka ita kaɗai.

In aka tayar da zancen maginin, amsarsa ba ta canzawa. "Wani jaki ne mai ganin kansa gwani. Kowa ya yafe masa, ban da ni."

Wata Litinin, farantin ƙarfen da ke rufe ramin a bakin ƙofa ya goce, wata mai ciki wata tara ta zurma, ƙafarta ta karye. Kemilembe da kanta ta ɗauko ta. Kafin azahar ta sa an kira magini, an jibge yashi, an fara jefa duwatsu cikin ramin don a cike shi.

Tsohon ya iso yana haki. Bai yi faɗa ba. Ya sauka cikin ramin ya zauna, ya ɗora sandar a cinyarsa.

"Baba, fito don Allah, kada ka ba ni kunya gaban yara."

"Ku zuba a kaina, 'yata."

"Ka ga ƙafar matar nan kuwa? Ka ji kukanta?"

"Na san kukan. Atugonza ma ta taɓa gurɗewa a nasu ramin, sati uku tana ɗingishi." Ya ɗago kai ya dube ta. "Tausayi ne ya sa ki, na sani. Ki sa a ɗaure farantin, ki bar ramin."

Maginin ya yi dariya ya ce ko a dama simintin da tsohon a ciki, ya ga alama zai yi ƙarko. Kemilembe ba ta yi dariyar ba. Ta sallame shi, ta ce sai wani satin, ta shige ciki ranta a ɓace. Duwatsun kuwa ta ce wanda ya hana aikin shi zai kwashe abinsa.

Shi ya kwashe. Kwana biyu yana ciccibo su ɗaya bayan ɗaya, ko dafaffiyar ayabar da aka miƙa masa bai tsaya ci ba.

Ranar Alhamis da hantsi, Kemilembe na riƙe da kan jaririn da ya fito rabi, ƙasa ta yi gurnani. Ta ji ɗakin ya tafi da ita gefe, ya dawo, ya sake tafiya, kamar kwalekwale a bakin tafki. Bututun ƙarfen yana nishi a ƙarƙashinsu. A waje katangar asibiti ta zube, amma a ciki kofi ɗaya ne ya faɗo daga kan tebur. Mata ashirin da biyu, jarirai tara, babu ko ƙwarzane.

Baba Rwegasira yana cikin ramin a lokacin, rungume da dutse na ƙarshe. Ginin ya matsa inda aka bar masa, ya matse shi da gaɓa.

Aka binne shi a gonar ayabarsa. Kemilembe ta yi kuka irin wanda ba ta yi wa mahaifinta ba, don ta san ita ta sa aka zuba duwatsun. Da aka watse ta ɗauki sandar ta hau tudu zuwa kangon makarantar. So take ta ajiye ta inda 'yarsa ta cika, ta kuma tsine wa maginin da ya cike ramin makarantar a madadinsa.

Ciyawa ta cinye komai, sai simintin ramin ne bai ko tsage ba, sumul, aikin gwani. A bakin ƙofa ta share ganye da ƙafa, ta ga abin da magina kan bari tun siminti na ɗanye. Shatin tafin hannu ne guda biyu. Ƙaramin an rubuta Atugonza a ƙarƙashinsa da tsinke. Na gefensa na babban mutum ne, hannun dama, yatsa huɗu.