Gubar Gado

Agwagin Kubura ne suka fara mutuwa. Bakwai cikin kwana uku, a gindin turmin da take watsa musu tsintar gyada. Ta daɗe tana kallon katangar da ta raba su da Zailani, ƙanen maigidanta.

Shekarar da aka dawo da shari'a ce, kuma duk Sandamu an san ƙarar gonar gado tsakanin Malam Harisu da ƙanen nasa tana gaban alƙali.

Sai Malam ya fara rama, idanu suka yi ruwan ɗorawa. Kubura ta kafa doka: ba shayin tasha, ba tuwon suna, ba loma daga hannun kowa sai nata. Furar da Zailani ya aiko ta dubiya ma a kwata ta tuttule ta.

Mace ce mai tattali, ita ke riƙe da gidan da sana'ar gyada. Takan yayyafa mata ruwa kafin ɓara don kada ta farfashe, ta ɗure a buhu. Manyan su tafi kasuwar Mai'adua, waɗanda suka yamutse kuwa su zauna a gida, ai ba a zubar da abincin Allah. Kullum da safe ta dama wa Malam kunu da su, ta tsaya a kansa sai ya shanye.

Duk da haka ciki ya kumbura. Ta kai shi asibiti a Daura, da niyyar daga can ta zarce kotu a rantsar da Zailani.

Likita ya auna shi, ya sa a kawo masa duk abin da Malam yake ci. Da aka kawo, ya juya ga Kubura.

"Baba, guba ce ta taɓa hantarsa."

"Na sani, ɗan nan! A kan gado ne."

"Ta gado ce kam, amma ba na gona ba. Funfuna ke yin ta, ta gaje ta kaka da kakanni. Tafasa ma ba ta kashe ta."

Ya kwance wani ƙullin gyadar kunun, ya fasa ƙwaya ɗaya da farce. Ɗan koren gari ya zubo a kan tebur.

"Wa yake ba shi wannan?"

Kubura ta dubi hannayenta, waɗanda wata bakwai ke nan Malam bai ci daga ko'ina ba sai daga gare su.