Mesa

"Ba ta da dafi, Madam," in ji mai shagon dabbobi a birnin Brisbane, wata mesa tana naɗe masa hannu. "Ga mai fara kiwon maciji babu kamarta. Sai dai fa tana da tsawon rai."

"Ba sauri nake ba," ta ce.

A gida ta ajiye akwatin gilashin da mesar ke ciki daidai ƙafar gadon mijinta. Tun da jikinsa ya shanye, hannun da ya saba dukanta da shi ko cokali ba ya ɗagawa, bakin ma ya mutu. Shi da ko hoton maciji ba ya iya kallo.

Ta gyara masa matashi yadda zai gani sosai.

"Na samo maka abokiyar hira, maigida."

Ta ɗan zame murfin, ta ja ƙofa.